Kyamara a kan dutse za ta hana gari ƙonewa? Amsa kan ƙudirin Kolorado na yaƙi da gobarar daji

Tambaya: Na ji an ce 'yan majalisar jihar Kolorado ta Amurka sun kawo ƙudirin doka na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yaƙi da gobarar daji. Ta yaya kwamfuta za ta kashe wuta? Me ya sa sai an yi doka kafin a yi hakan? Kuma abin yana aiki kuwa, ko kamfanoni ne kawai ke neman kasuwa?

Amsa: Malam, kwamfuta ba ta kashe wuta, ƙudirin ma bai ce za ta kashe ba. Ido aka nema. A watan Janairun 2023 aka saurari ƙudirin a wani kwamitin majalisar dattawan jihar, kuma cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa akwai Sanata Joann Ginal ta jam'iyyar Democrat da Sanata Cleave Simpson na Republican. Abin da suka nema shi ne a ware dala miliyan 2 a yi gwaji: a kafa kyamarori a kan duwatsu da tuddai a wuraren da aka fi fargabar wuta, kowacce tana hango kusan kilomita 16, sannan manhajar wani kamfani mai zaman kansa ta riƙa duba hotunan dare da rana tana neman hayaƙi. Ra'ayina tun daga farko shi ne, abin yana aiki, amma a kan wani irin wuta yake aiki, kuma ba irin wadda ta tayar wa mutanen jihar hankali har aka kawo ƙudirin ba.

Abin da ya tayar musu da hankali sananne ne. A 2020 kaɗai jihar ta ga gobara uku mafi girma a tarihinta, wato Cameron Peak da East Troublesome da Pine Gulch, ta farkon ta cinye fiye da eka dubu 200. Sai kuma ranar 30 ga Disamban 2021, a tsakiyar hunturu, lokacin da ya kamata a ce ƙanƙara ta rufe ƙasa, wutar da ake kira Marshall ta tashi a busasshiyar ciyawa a gundumar Boulder. Faɗin da ta ci kusan eka dubu 6 ne kawai, amma ta faɗa garuruwan Superior da Louisville ta ƙone gidaje sama da dubu ɗaya cikin yini guda, mutum biyu suka rasu. Duk ɗan majalisar da ya koma mazaɓarsa bayan wannan, dole a tambaye shi me yake yi.

Ga yadda na'urar take aiki. Ana ɗaure kyamara a kan doguwar hasumiya, galibi ta kamfanin waya ko ta wutar lantarki da ke nan tun da. Wasu suna juyawa suna kewaye sararin gaba ɗaya a cikin minti guda, su aika hoton ta intanet. Ita kuwa manhajar, kafin a sa ta aiki an nuna mata dubban hotuna waɗanda mutane suka zauna suka yi wa alama da hannu: wannan hayaƙi ne, wannan gajimare ne, wannan ƙura ce. Daga nan ta koyi kamannin hayaƙi da yadda yake motsi, domin tana gwada hoton yanzu da na mintin da ya wuce. Gajimare yana tafiya gaba ɗayansa, hayaƙi kuwa gindinsa yana nan wuri ɗaya, kansa ne ke yaɗuwa. Idan ta ga abin da ya yi kama, sai ta zana akwati a kansa ta aika wa ma'aikacin da ke zaune gaban allo. Shi zai jawo hoton kusa, ya duba, ya ce wuta ce ko ba wuta ba ce. Idan kyamara biyu daga tuddai daban-daban sun hango abu ɗaya, sai a ja layi daga kowacce, inda layukan suka haɗu nan wutar take. Da dare kuma akwai kyamarori masu ganin hasken da idon mutum ba ya gani.

Wannan dabara ta haɗa layi biyu ba sabuwa ba ce. Bayan babbar gobarar 1910 da ta cinye kusan eka miliyan 3 a Idaho da Montana, Amurka ta gina dubban ɗakunan tsaro a kan duwatsu, aka zaunar da mutane a ciki da taswira da na'urar auna kusurwa, suna kiran juna ta waya. Aikinsu ne aka ba kyamara, bambancin kawai ita ba ta gyangyaɗi kuma ba ta zuwa hutu.

Amma tana ruɗewa. Tarakta na huɗa a busasshiyar gona ta tayar da ƙura, sai ƙararrawa. Hazon safiya ya taso daga kwari, sai ƙararrawa. Tururin masana'anta, hayaƙin wanda aka ba izinin ƙona shara, hasken rana a kan gilashi, duk sun isa su yaudare ta. A nan ne mai tsara abin yake shiga tsaka mai wuya. Idan ya sa manhajar ta yi saurin zargi, za ta cika ma'aikata da ƙarya har su daina kula ta, ranar da ta faɗi gaskiya a share. Idan kuma ya sa ta yi jinkiri sai ta tabbatar, ai kafin nan wani direba ya riga ya kira lambar gaggawa ta 911, amfaninta ya tafi. Shi ya sa duk tsarin da na san yana aiki da gaske akwai mutum a tsakani, kuma duk ƙudirin da ya yi lissafin kuɗin kyamara bai yi na albashin wannan mutumin ba, lissafinsa bai cika ba.

Shaida mafi ƙarfi da ake da ita tana Kalifoniya. Jami'ar Kalifoniya reshen San Diego tana gudanar da shirin ALERTCalifornia mai kyamarori sama da dubu ɗaya, kuma a 2023 hukumar kashe gobara ta jihar, CAL FIRE, ta fara amfani da manhajar gano hayaƙi a kansu, da farko a 'yan yankuna, daga baya a dukkan cibiyoyinta 21 na karɓar kiran gaggawa. An samu lokuta da dama da manhajar ta riga kiran 911, musamman tsakar dare da kuma can cikin daji inda babu mai wucewa. Hotunan a buɗe suke, kowa yana iya shiga shafinsu ya kalla. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba, wanda 'yan kwana-kwana da kansu suke yabawa, shi ne bayan an riga an san da wutar. Shugaban aiki yana zaune a cibiya zai ga launin hayaƙin da tsayinsa da inda ya karkata, ya yanke shawarar ko mota biyu zai tura ko ashirin da jirgin sama, tun motar farko ba ta isa ba. Wannan kaɗai ya isa a biya kuɗi dominsa.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Hukumar gandun daji ta Amurka takan ce kusan kashi 98 cikin ɗari na gobarar da ke tashi ana murƙushe ta tun tana ƙarama. Ragowar 'yan kaɗan ɗin nan su ne ke cin garuruwa, kuma kusan kullum iska ce ke tura su. Dubi Marshall ɗin kanta. Da hantsi ta tashi, kusa da babbar hanya, mutane sun gan ta nan take sun kira. Amma iska tana kaɗawa fiye da kilomita 160 a awa, jirgi ba ya iya tashi, ruwan da aka fesa iska ke kwashewa. Abin da ya rage shi ne a kwashe mutane, aka kuwa kwashe dubun-dubata. Dubi gobarar Camp ta 8 ga Nuwamban 2018 a Kalifoniya. Wata ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da wayar lantarki ta kamfanin PG&E, a kan layin da ya kusa shekara ɗari, ta cinye ta tsinke. An ba da rahoton wutar tun da sassafe tana ƙarama, sai dai wurin ba ya shiguwa da mota cikin sauri, ga iska. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta shiga garin Paradise, mutum 85 suka rasu. Haka a Los Angeles ranar 7 ga Janairun 2025: a Kalifoniya, jihar da ta fi kowacce yawan kyamarori, an ga wutar Palisades tun tashinta, amma da dare iska ta tilasta aka sauke jirage, famfunan kashe gobara a wasu unguwannin tudu suka ƙafe, kuma a wutar Palisades da wata wutar da ake kira Eaton, gine-gine sama da dubu 16 suka tafi.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɗaure kai, wanda ban cika jin masu tallan na'ura suna ambata ba. Da yawa cikin munanan gobarar nan tsohuwar wuta ce da aka ɗauka ta mutu. Ta tsaunukan Oakland a 1991, wadda ta kashe mutum 25, wutar ciyawa ce da aka kashe jiya ta farfaɗo yau. Ta Lahaina a Hawaii a watan Agustan 2023, wadda ta kashe kusan mutum ɗari, da safe aka yi fama da ita aka tafi, da rana ta dawo. Binciken hukumomin gundumar Boulder ya ce ɗaya daga cikin tushe biyu na Marshall rushin wata shara ce da aka ƙona aka binne kwanaki shida kafin nan, iska ta tone shi. Ɗaya tushen kuma suka danganta shi da wayar lantarki ta kamfanin Xcel Energy, kamfanin ya musanta. Masu binciken tarayya ma sun ce Palisades ragowar wata wuta ce ta ranar 1 ga Janairu da ta ci gaba da ci a ƙarƙashin ƙasa. A duk waɗannan an san wurin, an ma je. Da ni ne mai rubuta ƙudiri, da na sa sharaɗin cewa duk inda aka kashe wuta, a juya kyamara ko a tura jirgi mara matuƙi mai auna zafi ya riƙa duba wurin har iskar da aka yi hasashe ta wuce. Wannan aiki ne da na'ura ta fi mutum iyawa, kuma bai kai neman hayaƙi a faɗin jiha tsada ba.

Sai batun me ya sa ake buƙatar doka. Ba don an hana kafa kyamara ba ne. Kamfanonin wutar lantarki da wasu gundumomi da garuruwa a Kolorado sun riga sun kafa nasu, Xcel ma yana aiki da kamfanin Pano AI na San Francisco mai irin waɗannan kyamarori. Doka ana neman ta ne saboda kuɗin jiha ba ya fita sai majalisa ta ware. Kuma majalisar Kolorado, mai sanatoci 35 da wakilai 65, kwana 120 kawai take zama a shekara, ga wani gyaran tsarin mulkin jihar na 1992 da ake kira TABOR wanda ya ƙayyade yawan kuɗin shigar da gwamnati za ta riƙe ta kashe ba tare da ta koma wurin masu zaɓe ba. Saboda haka ƙudiri yakan samu yabo daga jam'iyyu biyu a kwamitin farko, ya je kwamitin kasafi ya kwanta. Wannan na 2023 bai zama doka ba, maganar kuma ta sake dawowa majalisar a 2025.

Mu ɗan yi lissafi, don a ga girman abin. Kuɗin da aka sha ruwaitowa na tasha ɗaya irin ta Pano kusan dala dubu 50 ne a shekara, kuma haya ce, ba saye ba. Dala miliyan 2 ke nan tasha 40 na shekara guda. Da'ira mai nisan kilomita 16 daga tsakiya tana da faɗin kusan murabba'in kilomita 800, sau 40 ya ba da dubu 32. Jihar kuwa ta kai kusan dubu 270. Wato ko a takarda bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba, balle a ƙasa mai duwatsu inda kyamara ba ta ganin bayan tsauni, kuma ana so da'irori su hau juna don a samu layi biyu. Ba laifi ba ne, gwaji aka ce. Amma a shekara ta biyu wa zai biya? Nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. E, kamfanoni suna neman kasuwa, kuma kasuwar haya ta fi musu daɗi, domin jihar da ta saba da ido arba'in ba za ta yarda a rufe mata su ba. Neman kasuwa ba zamba ba ne. Aikin doka ne ta hana jiha zama fursunar kamfani ɗaya.

Don haka idan aka miƙo mini irin wannan ƙudiri, kafin in dubi sunan fasahar sai na nemi wasu abubuwa. Hotunan na wa ne, na jiha ko na kamfani? Idan kwangila ta ƙare, tarin hotunan da aka koyar da manhaja da su zai bi kamfani ya tafi? Ƙararrawar wa take zuwa, tunda sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Kolorado mallakar gwamnatin tarayya ce, alhakin kashe wuta a sauran kuma yana hannun gundumomi da ƙananan hukumomin kashe gobara, da yawansu 'yan sa-kai ne da sai sun baro gona ko shago? Idan manhaja ta gani aka yi jinkirin minti goma ana neman mai hurumi, an yi asarar abin da aka saya. Sannan sirrin mutane: kyamarar da ke gane hayaƙi daga kilomita 16 tana iya leƙa tsakar gidan mutum, saboda haka sai doka ta fayyace a dusashe gidaje, ta faɗi tsawon lokacin ajiye hoto, da ko 'yan sanda za su iya nema. Na ƙarshe, wanda na fi damuwa da shi, shi ne awo. Kada a bar kamfani ya auna kansa. A tilasta rahoto ga majalisa: sau nawa manhaja ta riga 911, da minti nawa, sau nawa ta yi ƙarya, wuta nawa ta tashi a gabanta ba ta gani ba. Wannan adadin na ƙarshe shi ne ba a son bugawa.

Gano hayaƙi ɓangare ɗaya ne kawai. Ɗaya ɓangaren shi ne hasashen inda wuta za ta nufa. Tushen lissafin tsoho ne, Richard Rothermel ya wallafa shi a 1972 daga ɗakin binciken wuta na Missoula a jihar Montana: a ba shi irin ciyawa ko itace, da danshinsu, da gangaren ƙasa, da iska, ya ba da saurin tafiyar wuta. Abin da sabbin manhajoji suka ƙara shi ne sauri da yawan bayanai, su gwada hali ɗari cikin daƙiƙoƙi su zana taswirar inda wuta za ta kai nan da awa ɗaya ko uku. A ranar iska, wannan ya fi kyamara amfani, domin shi ke gaya wa hukuma unguwar da za a fara kwashewa da hanyar da za ta toshe. Rauninsa kuwa shi ne an gina shi a kan daji. Da zarar wuta ta shiga gari, gida ne ke kunna gida, tartsatsi yana tsallake tituna, lissafin ciyawa ya daina aiki yadda ya kamata.

Irin waɗannan manhajoji kuma sun fara taɓa aljihun mutane ta hanyoyin da suka fi buƙatar doka. Da su kamfanin lantarki ke yanke shawarar ɗauke wuta da gangan a ranar iska don kada waya ta haddasa gobara, abin da PG&E ya yi wa ɗimbin jama'a a 2019, Xcel ma ya yi a Kolorado a watan Afrilun 2024. Da su kuma kamfanin inshora ke ba gida maki, ya ƙara kuɗi ko ya ƙi sabunta takarda. A 2025 Kolorado ta yi doka da ta tilasta wa kamfanonin inshora su bayyana wa mai gida makinsa, su yi la'akari da gyaran da ya yi don kare gidan, su kuma ba shi damar ƙalubalanta. A ganina wannan ta fi ƙudirin kyamara shafar rayuwar talaka, ko da yake ba ta yi amo kamarsa ba.

Gyaran da ake nufi kuwa ba shi da wani ƙyalli. Binciken Jack Cohen na hukumar gandun daji ya nuna yawancin gidaje ba harshen wuta ne ke cin su ba, tartsatsi ne. Garwashi kamar ƙwayar gyaɗa iska ta ɗauko shi daga nesa, ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko ya shige ta ramin shan iska na rufi, ko ya maƙale a gindin shingen katako da ke manne da bango. Ya yi ta ci a hankali, mutanen gida sun gudu, babu mai zuba masa ko kofin ruwa. Raga mai ƙananan idanu a bakin ramin, rufin da ba ya kamawa, tsakuwa maimakon shuke-shuke a taku biyar na farko daga bango, su ne ke raba gidan da ya tsaya da wanda ya zama toka. Kolorado ta kafa hukumar tsara ƙa'idar gini ta irin waɗannan wurare a 2023. Akwai kuma wani abin da saurin kashe wuta ke jawowa: tun 1935 da aka kafa manufar kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe, dazuzzukan da suka saba ƙonewa sama-sama duk bayan 'yan shekaru suka tara itace, yau idan sun kama sai su ci har ƙoli. Kyamarar da ta ƙara saurin kashewa, ba tare da an ƙara ƙona daji da gangan a lokacin sanyi da sassabe ba, tana ƙara wannan tarin ne.

Game da namu yankin, kyamara a kan hasumiya ba ita ce ta kusa ba, tauraron ɗan'adam ne. Shafin FIRMS na hukumar NASA yana nuna wuraren da ke ci da wuta a duniya kyauta, daga na'urorin MODIS da VIIRS, ta biyun tana raba ƙasa gida-gida na mita 375. Wanda ya buɗe shi a watan Disamba zai ga faɗin Afirka ta Yamma ya yi ja. Sai dai waɗannan taurari sau kaɗan suke wucewa a yini, kuma ba sa bambanta manomin da ke ƙona gona da wutar da ta ƙwace tana cin makiyaya. Ana ƙoƙarin rage wannan giɓi da shirin FireSat da Google ke mara wa baya, wanda aka harba tauraronsa na gwaji a watan Maris na 2025, da burin gano wuta mai faɗin mita 5 da sabunta hoto duk minti 20 idan taurarin sun cika. A yankin makiyaya na Nijar, inda ciyawar bayan damina ita ce abincin dabba har wata damina, abin da ake yi tun da daɗewa shi ne share dogayen layuka a daji kafin iskar hunturu ta fara, don wuta ta zo ta rasa abin ci. Taswirar wuraren da suka ƙone a shekarun baya, wadda FIRMS ke ajiyewa tun farkon shekarun 2000, tana iya nuna wa masu wannan aiki inda ya fi dacewa a ja layin bana.